Baƙin Allo ko Allon Dannawa: Kula da Saba Daga Bakin Iyakar Jibiya

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ba a kashewa. Tana zaune a wani ɗakin adana bayanai a Legas ko Landan ko Jamus, tana amsa duk wanda ya nemi shafin da ke kanta, mai ita kuwa galibi bai taɓa sa ta a ido ba, haya kawai yake biya duk wata. A cikinta akwai shirye-shiryen da ke gudana dare da rana: mai tarbar baƙi ya miƙa musu shafi, kamar nginx ko Apache, mai riƙe da rumbun bayanai, kamar MySQL ko PostgreSQL, sai manhajar da mai sabar ya rubuta da hannunsa. Kula da saba duka bai wuce kiwon waɗannan ba. A tayar da wanda ya mutu, a tsayar da wanda ya fanɗare, a gano wanda ke cinye wa sauran ƙwaƙwalwa.

Hanya biyu ake bi a yi wannan kiwo daga nesa. Ta farko layin umarni, wanda a nan za a kira baƙin allo saboda kamanninsa: mutum ya shiga sabar ta ssh, ya rubuta mata umarni, ta amsa masa a rubuce. Ta biyu allon dannawa, irin su cPanel da Plesk da Webmin, inda ake buɗe shafi a burauza a tarar da akwatuna da maɓallai. Gardamar wace ta fi ta daɗe tsakanin masu rubuta manhaja, sai dai inda intanet ke da ƙarfi yawanci ba ta wuce ta son rai ba. Inda layi ke yankewa ne take zama ta gaske.

Daddara gari ne a ƙaramar hukumar Jibiya, a kan titin da ya tashi daga Katsina ya nufi Magama, inda ake tsallakawa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Mai aiki da kwamfuta a wannan yanki yawanci wayarsa ce ke ba kwamfutar intanet, sabis kuma na hawa yana sauka yadda ya ga dama. Da an kusanci iyaka sai waya ta fara jiyo kamfanonin Nijar, Airtel na can da Moov da Zamani, shi ya sa riƙe layi biyu ba baƙon abu ba ne a wajen 'yan kasuwa da direbobi. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an datse sabis ɗin waya gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na cikinsu, sai a watan Disamba aka fara maido da shi. Duk hujjar da ɓangarorin biyu za su kawo, a kan wannan ƙasa za a gwada ta.

Abin da masu baƙin allo ke cewa

Hujjarsu ta farko nauyi ce. Kowane harafi da aka buga a ssh yana tafiya ne a ɗan ƙunshin da bai wuce bayit ɗari da 'yan kai ba, amsar kuma rubutu ce zalla, don haka mutum na iya wuni yana aiki bai ƙone datar da guntun bidiyo ɗaya ke ci ba. Allon dannawa sai ya sauke hotunansa da tarkacensa kafin maɓalli na farko ya motsa. Ranar da harafin E ya bayyana a saman waya, alamar ta faɗa tsohon sabis, shafin zai yi ta juyi har mutum ya gaji, baƙin allo kuwa yana rarrafawa amma yana isa.

Su da kansu sun yarda baƙin allo na da tsohon ciwo, kuma ciwon ya fi tashi a irin wannan wuri. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1969, an gina shi ne a zamanin da mutane ke shiga babbar kwamfuta ta wayar tarho. Idan mutum ya ajiye kan waya, tsarin kan aika wa ayyukan da ya bari sigina mai lamba 1, sunanta SIGHUP, ma'anarta an katse, su kuma su mutu. Linux, tsarin da ke tafiyar da irin waɗannan sabobi, ya gaji wannan hali har yau. A ɗauki matashi a Daddara da ya sa ana kwafe rumbun bayanan wata makaranta, aikin minti 40. A minti na 35 sai kira ya shigo wayar da ke ba shi intanet, ta sauka daga 4G, haɗin ya tsinke. Sabar ta ɗauka ya ajiye waya, ta kashe aikin, ta bar masa rabin fayil mai kama da cikakke.

Maganin, in ji su, ya girmi yawancin masu kukan. Mafi sauƙi shi ne a sa `nohup` a gaban umarni, sai aikin ya toshe kunnensa daga wannan sigina, ya riƙa zuba rahotonsa a fayil. Wanda ya fi shi shi ne `screen`, da ya fito a 1987, ko ƙaninsa `tmux` na Nicholas Marriott, na 2007. Da shiga saba sai a rubuta `tmux new -s aiki`, a yi komai a ciki. Zaman yana can a kan sabar, ba ruwansa da layin mutum. Layi ya yanke sau goma, kowane lokaci a dawo a rubuta `tmux attach -t aiki`, a tarar da allon yadda aka bar shi, aikin yana ci gaba. Wannan ɗabi'a guda, idan ta shiga jikin mutum, ta kawar da mafi yawan asarar da raunin sabis ke jawowa, kuma abin mamaki ne yawan waɗanda ke shekara suna aiki da ssh ba su san da ita ba.

Sai `mosh`, wanda Keith Winstein ya fitar daga jami'ar MIT a 2012, kamar don mazauna bakin iyaka aka yi shi. Haɗin ssh a ɗaure yake da lambar adireshin da kamfanin waya ya ba mutum. Da lambar ta canja, haɗin ya mutu. Shi mosh bai damu da lambar ba. Mutum na iya fara aiki da layin MTN a Daddara, ya rufe kwamfuta, ya shiga mota, ya buɗe ta a Magama da layin Nijar, zaman ya farfaɗo da kansa ba tare da an sake shiga ba. Yana kuma nuna harafin da aka buga nan take, ba ya jira sai sabar ta amsa, abin da ke rage azabar rubutu a layi mai jinkiri. Sharaɗinsa shi ne a buɗe masa ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000 a katangar sabar. Haka wajen tura kaya: `scp` idan ya yanke daga farko yake komawa, `rsync -P` kuwa daga inda ya tsaya yake ɗorawa, kuma abin da ya canja kaɗai yake turawa.

Martanin masu allon dannawa

Suka ce duk wannan jerin magunguna na ciwon da baƙin allo kaɗai ke fama da shi ne. Wanda ya danna maɓallin ajiye kwafi a allon dannawa, sabar ce ke ɗaukar aikin ta yi shi a bayan fage. Ya rufe burauza, ya kashe waya, ya tafi masallaci, aikin na nan yana tafiya, kuma babu wanda ya ce sai ya haddace sunan wani tmux tukuna. Abin da ƙwararre ke samu bayan ya ƙone hannunsa sau biyu, sabon shiga ya same shi ranar farko.

Babbar hujjarsu dai ita ce baƙin allo ba shi da birki. Umarnin `rm -rf` ba ya tambaya, ba shi da kwandon shara da za a je a tono abin da aka jefa. Mai son goge tsohon kaya zai rubuta `rm -rf /var/www/tsoho`. Idan yatsa ya taɓa sarari a tsakiya, ya zama `rm -rf /var/www /tsoho`, to duk shafukan da ke kan sabar sun tafi, garin gyaran gira an rasa ido. Kuma raunin sabis ɗin da masu baƙin allo ke kafa hujja da shi, shi ne ke ƙara wannan haɗari, domin a ssh harafi ba ya fitowa a allo sai ya je sabar ya dawo. Idan layi ya ɗauke numfashi, mutum kan ci gaba da bugawa a makance, ya danna Enter, sannan haruffan su zubo gaba ɗaya ya ga abin da ya aika. Akwai ma wani ƙaramin tarko na wannan yanki. Kwamfutar da aka sayo daga Maraɗi takan zo da jerin maɓallan Faransa, inda A ke zaune a gurbin Q, lambobi sai an haɗa da Shift, alamomin da baƙin allo ke rayuwa a kansu kamar | da ~ kuma sai an nemo su da AltGr. Hannun da ya saba da ɗaya, idan aka miƙa masa ɗayan da dare, kuskure ya zama na dole.

Ba kuma sababbin shiga kaɗai abin ke kayarwa ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, a gajiye da dare, ya goge rumbun bayanai a kan babbar saba yana tsammanin ta biyun yake kai. Kafin ya ankara kusan gigabayit 300 sun tafi, aka duba hanyoyin ajiyar kwafi aka tarar yawancinsu ba sa aiki, daga ƙarshe aka dawo da wani kwafi mai tazarar awa shida, abin da ke tsakani kuma ya salwanta. Wata guda bayan haka, 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen rubuta umarni, ya cire sabobi fiye da yadda ya nufa daga rumbunsu na S3, shafuka da dama a duniya suka yi kusan awa huɗu a kwance. In manyan da ake biya da dala sun faɗa wannan rami, ina ga ɗalibin da ya koyi abin daga bidiyo?

Amsar masu baƙin allo

Suka ce a duba abin da kamfanonin biyu suka yi bayan faɗuwar. Babu wanda ya jefar da layin umarni ya koma dannawa. Amazon gyara kayan aikin ya yi, ya sa ba ya yarda a cire sabobi da yawa lokaci guda ko a sauka ƙasa da wani adadi. GitLab kuma gyara tsarin ajiyarsa ya yi. Birki ana sa shi, kuma ba shi da tsada: a sa sunan saba ya fito da jan launi a gaban kowane layi don kada a rikita ta gwaji da ta gaske, a fara duba wuri da `ls` kafin a sa masa `rm`, a gwada `rsync -n`, wanda ke faɗin abin da zai yi ba tare da ya yi ba, a rubuta `nginx -t` a tabbatar saitin ba shi da kuskure kafin a ce ya sake lodi. Allon dannawa ma yana da maɓallin share asusu gaba ɗaya, tambayar da yake yi kuwa kowa ya san yadda ake danna mata e ba tare da an karanta ba.

Game da cewa allon dannawa bai damu da yankewar layi ba, sun ce da sauransa. cPanel na da wani tsaro da ke kwatanta lambar adireshin da mutum ya shigo da ita da wadda yake kai yanzu; da ta canja sai ya kore shi waje, ya ce ya sake shiga. Kamfanonin waya kuwa canja lambar nan suke yi ba sallama. Mai layi biyu a Jibiya ya fi kowa sanin wannan saƙo.

Inda suka fi zama a kai shi ne gano musabbabi, kuma a nan hujjarsu ta fi ƙarfi. Shafi ya faɗi da tsakar dare. Mai allon dannawa yana da maɓalli guda, na sake tayarwa. Ya danna, shafi ya dawo, gobe war haka ya sake faɗuwa. Mai baƙin allo zai fara da `systemctl status` ya ga shirin a raye yake ko a mace, ya bi da `journalctl -u` da sunan shirin ya karanta kalmominsa na ƙarshe kafin ya mutu. `df -h` zai nuna masa ko faifai ne ya cika, wanda sau da yawa kundin rahoto ne da aka bari yana kumbura ba mai yanke shi. `free -m` zai nuna ƙwaƙwalwa. A ƙaramar saba mai gigabayit ɗaya, irin wadda aljihun mai farawa ke iya ɗauka, Linux da kansa yakan zaɓi shiri mafi ci ya kashe idan ƙwaƙwalwa ta ƙare, MySQL ne kuma yakan sha wuƙar, shaidar hakan na nan a `journalctl -k`. Allon dannawa ba kasafai yake ba da cikakken wannan labari ba, hasali ma yana cikin masu cin ƙwaƙwalwar. Ranar da faifai ya cika maƙil, shi ma yakan kasa buɗewa don ba shi da inda zai rubuta shaidar shigar mutum, alhali ssh yawanci yana bari a shiga a share.

Ko kashe shiri yana da ladabi. Kowane shiri na da lamba, ana samun ta da `pgrep` ko `ps`. Umarnin `kill` kaɗai sigina ta 15 yake aikawa, wato sallama ce: shirin ya ƙarasa abin da ke hannunsa, ya rufe fayilolinsa, ya fita. `kill -9` kuwa shaƙewa ce, shirin ba ya ma jin zuwanta balle ya kimtsa, kuma rumbun bayanan da aka shaƙe yana tsakiyar rubutu sai ya yi jinya kafin ya tashi. Sababbin shiga na son lamba 9 don ba ta musu. Ƙa'idar ita ce a fara da 15, a ba shi 'yan daƙiƙu, sai ya ƙi sannan a ɗauko 9. Mai danna maɓalli bai san wacce daga cikin biyun aka aika da sunansa ba.

Sai kuɗi. A 2019 cPanel ya koma cajin lasisi bisa yawan asusun da ke kan saba, ya kuma riƙa ƙara farashi bayan nan, duk da dala. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan baƙin allo duk kyauta ne, har a wayar Android ana iya buɗe shi da manhajar Termux idan batirin kwamfuta ya mutu.

Masu allon dannawa sun dawo

Maganar kuɗi suka fara turewa, kuma da gaskiyarsu: Webmin kyauta ne tun 1997, haka Cockpit da HestiaCP, sannan mafi yawan ƙananan shafuka a Nijeriya ba sa kan saba tasu ta kansu, ɗaki suke haya a sabar kamfanin da ke karɓar naira, cPanel kuma na cikin kuɗin hayar.

Daga nan suka kawo tambayar da ɗaya ɓangaren ba ya son ji: wa zai gada? Shafin makarantar Islamiyya, ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, ko na mai fiton kaya, ba na wanda ya gina shi ba ne. Matashin da ya gina shi ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Kwalejin Hassan Usman, bautar ƙasa za ta kai shi kudu, ko aiki ya kira shi Abuja. Idan ya bar allon dannawa, shugaban makaranta da kansa zai iya canja kalmar sirrin imel, ya sauke kwafi, ya ga ranar da haya za ta ƙare. Idan saba ya bari wadda shi kaɗai ya san inda ya binne kowane fayil, ya bar musu gida ne ya tafi da makulli. Akwai kuma ayyukan da ko ƙwararre ba ya marmarin yi da hannu, kamar kafa sabar imel da duk shaidun da Gmail ke nema kafin ya yarda wasiƙa ba shara ba ce. Allon dannawa ya gama wannan tun kafin a tambaye shi.

Suka ƙara da cewa yawancin masu alfahari da baƙin allo kwafe suke yi. Su ɗauko umarni daga intanet, ko yanzu daga manhajojin da ke amsa tambaya, su liƙa ba su san abin da yake yi ba. Fayil ya ƙi buɗewa, sai a buga masa `chmod 777`, a buɗe shi ga kowa da kowa, a ce an gyara. Wannan ma dannawa ce, in ji su, sai dai ta fi tasu haɗari don ba wanda ya tace maɓallan.

Ta fuskar tsaro kowanne na da tabo. A watan Agustan 2019 aka gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a wasu fitowar Webmin, bayan an kutsa kwamfutar da ake haɗa shi a kanta, kuma gaskiya ne kowane allon dannawa ƙarin ƙofa ce a jikin saba, a buɗe ga duniya, mai ikon komai a bayanta. Amma a watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya bankaɗo makamanciyar wannan a cikin xz, ƙaramin shirin matse fayil, kuma ssh aka nufa da ita. An kama ta ne kafin ta bazu. Abin da za a iya faɗa shi ne ssh mai mabuɗi, wanda aka hana shi karɓar kalmar sirri, ya fi shafin shiga mai kalmar sirri wuyar fasawa, amma sai a hannun wanda ya san yadda ake saita shi.

Tankaɗe da rairaya

A kan nauyin data da gano musabbabi, masu baƙin allo sun yi rinjaye, ba wata tantama. A kan kuɗi an tashi kusan kunnen doki. A kan kuskure, gaskiyar tana wajen masu dannawa fiye da yadda abokan gardamarsu ke yarda, domin birkin da ake cewa mutum ya sa wa kansa, sai ya riga ya san ramin kafin ya sa shi, yawanci kuma faɗawa ciki ne ke sanar da shi.

Datsewar 2021 kuwa ta nuna abin da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu. Ranar da babu sabis kwata-kwata, tmux bai amfana komai ba, cPanel ma haka. Mai saba sai ya shiga mota zuwa Katsina, ko ya nemi inda layin Nijar ke kamawa. Abin da ke riƙe shafi a irin wannan lokaci shi ne abin da aka tsara tun da sauran hali, don ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin da aka tayar da hannu a cikin tmux, idan sabar ta sake kunnuwa ba ya dawowa, kuma wannan kuskure ne da masu baƙin allo ke yawan yi: sun mai da rumfar wucin gadi gidan zama. Wurin shirin dindindin shi ne hannun systemd, wanda ya fito a 2010 kuma yanzu shi ke tayar da komai a nau'o'in Linux irin Ubuntu da Debian. A rubuta masa ɗan fayil mai layuka kaɗan, a sa `Restart=on-failure` don ya tayar da shirin duk sanda ya faɗi, a rubuta `systemctl enable` don ya taso tare da sabar. A ba `cron` aikin kwafe rumbun bayanai kowane dare zuwa wata saba daban, a ba `logrotate` yanke kundin rahoto. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, mai sa ɗan kwaɗon nan a gefen adireshi a wasu burauza, kwana 90 take yi, kusan daidai da tsawon waccan datsewa. Wanda ke sabunta tasa da hannu zai dawo ya tarar burauza na gargaɗin mutane su guji shafinsa. Allon dannawa yakan zo da yawancin waɗannan a shirye. Baƙin allo yakan yi su fiye da shi kyau, amma sai an tuna an sa shi.

Wani abin da ba ya cikin ikon kowa shi ne hanyar kanta. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da MainOne da WACS, intanet ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta na kwanaki. A irin wannan rana ƙaramin ƙunshi ne ke iya kutsawa ya kai Turai, abin da ke ƙara wa masu baƙin allo maki. Starlink, da ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, yana rage musu shi, ga wanda ke da kuɗin faranti da wutar da zai kunna shi.

Batun gado ne ya rage ba a warware ba. Ana iya cewa mai baƙin allo ya rubuta duk abin da ya yi a fayil guda ya bar wa na baya, wasu kuma na yin hakan, sai dai na bayan ma sai ya iya karatun fayil ɗin, kuma masu iyawar a Jibiya ba su kai na Kano yawa ba. Ana iya cewa a haɗa biyun, a sa ƙaramin allo irin Cockpit don mai gida, ssh don mai gyara, amma manyan alluna irin cPanel ba sa son a taɓa musu fayiloli da hannu, sukan goge gyaran mutum su maido nasu a sabuntawa ta gaba. Zaɓin ya danganta da wanda zai zauna gaban sabar bayan shekara biyu, wanda shi kansa mai gina ta sau da yawa bai sani ba.

Akwai dai wuri guda da hanyoyin biyu ke haɗuwa dole. Mai baƙin allo ya kunna katanga da `ufw enable` ya manta bai fara buɗe ƙofa ta 22 ba, wadda Tatu Ylönen ya samo wa ssh a Finlan tun 1995, sai ya wayi gari ya kulle kansa a waje. Mai allon dannawa kuma allonsa ya ƙi buɗewa bayan wata sabuntawa. Dukansu shafin kamfanin da ya ba su hayar sabar za su nufa, su shiga ta burauza, su danna maɓallin ƙofar gaggawa. Tagar da za ta buɗe baƙa ce, da ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiran a rubuta, kuma a yawancin kamfanoni ba ta karɓar mabuɗin ssh, sai kalmar sirrin da aka sa wa sabar ranar da aka kafa ta.